Hotunan biki 340, ta yaya zan tura su ba tare da sun lalace ba?

Ɗan Rumde, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masana waya ku ba ni shawara. Makon jiya aka yi bikin ƙanwata a nan Garwa, mun ɗauko mai hoto da babbar kamara, bayan an watse ya zuba min hotuna 340 a waya, da na duba nauyinsu sun kusa jiga 2. To Yayanmu babba yana Njamena bai samu zuwa ba, ga kuma Gwaggonmu a Jidda kullum sai ta kira tana cewa ina hotunan ɗiyata. Na fara turawa ta WhatsApp, Yaya ya kai guda ɗaya wajen wankin hoto don a yi masa babba ya rataya a falo, sai mai wankin ya ce hoton ya mutu, fuskar amarya ta fito kamar an shafa mata kunu. Na koma Gmail na zaɓi guda 20 ya ce min sun yi yawa, na rage zuwa 10 ya ƙi, wallahi forfe na jaka biyu ya tashi a banza ina ta gwaji. Mene ne hanya mafi sauƙi, kuma ku tuna Gwaggo ba ta iya komai a waya ba sai latsa abin da aka turo mata.

Mai Hoto Kusiri:

Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Ƙanena ai ba laifin mai wanki ba ne, sana'ata ce shi ya sa na sani. WhatsApp in ka tura hoto ta Galerie sai ya matse shi tukuna, hoton da kamara ta fitar mai mega 5 ko 6 sai ya isa can bai kai ko rabin mega ba, a fuskar waya ba ka ganin bambanci amma ranar da aka ce a buɗe shi a takarda babba nan asiri ke tonuwa. Tun 2023 sun saka ɗan maɓallin HD a sama, yana taimakawa, amma shi ma matsewar ce dai an rage mata ƙarfi.

Abin da za ka yi, ka latsa alamar maƙala ɗin nan ka zaɓi Document maimakon Galerie, ka nemo hotunan daga can. In ya tafi a Document yadda yake haka zai sauka, ko ƙwayar gero ba a cire masa ba, kuma yana ɗaukar har jiga 2 a fayil ɗaya. Amma kar ka ce duka 340 za ka yi wa haka. Yayanku guda nawa zai rataya a bango? Da ƙyar su wuce biyar. Ka bar shi ya kalli matsattsun ya zaɓi waɗanda yake so, ya faɗa maka, sai ka tura masa su kaɗai a Document. Ka san konneksiyo a Cadi ba arha ba, mu da ke bakin gada muna ji daga abokan cinikinmu na tsallake, kar ka sa bawan Allah ya sauke jiga 2 don hoto biyar.

Shi kuma Gmail iyakarsa mega 25 ne a saƙo guda. Ka ga kenan hoton kamara wajen huɗu ne ke shiga, in ka yi lissafi sai ka aika imel sama da tamanin kafin ka gama. Wa ke da wannan haƙurin.

Injiniya Domayo, Marwa:

Maganar Malam mai hoto gaskiya ce, ni dai zan ƙara da cewa ka daina tunanin "turawa" gaba ɗaya. Yau Yaya da Gwaggo ne, gobe dangin ango za su ce su ma, jibi ƙawayen amarya, kowa ka tura masa daban forfenka ne ke ƙonewa. Ka ɗora su wuri ɗaya sau ɗaya, sai ka riƙa raba liyan, wato ɗan rubutun nan shuɗi da ake latsawa.

Tunda kana da Gmail to kana da Google Drive da Google Photos, jiga 15 ne kyauta amma su ukun ke raba shi, kuma ka duba ko ajiyar WhatsApp ɗinka ba ta cinye wurin ba, don yanzu ita ma cikin 15 ɗin ake lissafa ta, mutane da yawa sai sun zo ɗora abu suke gane wurinsu ya cika. A Drive ka buɗe dosiye ka sa masa suna, ka zuba hotunan, ka latsa Partager. A nan Yaya zai samu na asali ya sauke wanda ya ga dama ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa Gwaggo Google Photos ya fi mata, ka yi album ka tura mata liyan ta WhatsApp, tana latsawa za ta ga hotuna jere tana ja da yatsa, ba sai sun cika mata waya ba. Sai dai ka lura, a Photos akwai zaɓi biyu wajen ajiya, ingancin asali da na tsimin wuri, na biyun yana rage manyan hotuna zuwa megafiksel 16, don kallo babu matsala.

Ɗorawar ita ce aikin. Jiga 2 da rana a rezon waya, ga ɗauke wuta, sai ka ga abu ya kai rabi ya tsaya. Ka jira dare ka sa forfen dare, ko ka je sibar ko wajen wani mai wifi, ka cika batir, kuma ka ɗora su kashi-kashi, hamsin hamsin, in ya yanke ka san inda ka tsaya. Wasu za su ce maka ka yi zip don ya rage nauyi, kar ka wahalar da kanka, hoton JPG dama a matse yake, zip ɗaure su kawai yake yi a ƙunshi ɗaya, nauyin kusan yana nan, kuma in ka tura wa Gwaggo zip ka jawo wa kanka kiran waya na awa guda. WeTransfer ma yana aiki ba laifi amma liyan ɗinsa mutuwa yake bayan 'yan kwanaki, irin mutanenmu da sai bayan sati biyu za su ce "yanzu na gani" bai dace da su ba.

Maman Ikram, Ngawundere:

Duk kun yi maganar mega da jiga babu wanda ya tambayi amarya. Ɗan'uwa cikin 340 ɗin nan na tabbata akwai na ranar lalle da na cikin ɗaki inda mata ke zaune ba mayafi, wasu ma matan aure ne da suka saki jiki don sun san taron mata ne. In ka sa liyan a kan "Tous les utilisateurs qui ont le lien" to duk wanda ya samu ya shiga, Gwaggo da zuciya ɗaya za ta tura wa gurup ɗin dangi, daga can ya faɗa wani gurup, kafin ka ankara hoton ƙanwarka yana yawo a TikTok an ɗora masa kiɗa. Ya faru a gidanmu, ba labari aka ba ni ba, har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa a kan haka.

Ka zauna da ita da mijinta ku tace. Dosiye biyu za ka yi, ɗaya na kowa da kowa, ɗaurin aure da walima da hoton dangi, ɗaya kuma nata ita kaɗai ta san wa za ta ba. Na biyun a bar shi a Limité ka saka imel ɗin mutum da hannunka, kuma Lecteur za ka ba su ba Éditeur ba, kar wani yaro ya ɗauki wayar uwarsa ya goge muku komai.

Mai Hoto Kusiri:

Hajiya kin yi gaskiya wallahi, na sha ganin rigimar nan a shago. Na ma tuna wani abu, hoton da aka ɗauka da waya in an kunna mata GPS yana riƙe da wurin da aka ɗauke shi a cikinsa, kuma in ya tafi a Document ko Drive bayanin na tafiya tare da shi. Na babbar kamara galibi babu wannan, amma in ka haɗa da waɗanda yara suka ɗauka da wayoyinsu a cikin gida to ka sani. Kuma in akwai na iPhone a ciki ka duba ko nau'in fayil ɗin da ake kira HEIC ne, wasu tsofaffin kwamfutocin wajen wanki ba sa buɗe shi, sai an mayar JPG.

Baba Alhaji Direba:

Ku yara kuna son wahala. Sayi kile, wato 'yar USB ɗin nan ta ajiyar fayil, ta jiga 8 a kasuwa, a zuba maka hotunan, ka sa a ambulan ka rubuta lambar Yayanka, ka kai ajans ko ka ba direban da ka sani mai zuwa Kusiri. Daga Kusiri gadar Ngeli kawai zai tsallaka ya karɓa, ko ya aiko yaro. Shekara nawa muna kai wa mutane takardu da maganin gargajiya a hanyar nan ta Marwa, kile ce za ta gagare mu? In damina ce dai ka ƙara masa kwana, kowa ya san halin hanyar bayan Mora. Ta Jidda ce ban da dabara, sai in akwai mai tafiya Umra.

Injiniya Domayo, Marwa:

Hhhh Baba Allah ya ƙara girma, wannan rezon naku ba ya yankewa sai dai taya ta fashe. Amma da gaske in na asali duka Yaya ke so, shawarar Baba ta fi arha. Kawai ka kwafa ne kar ka kwashe, naka su zauna a wajenka.

Ɗan Rumde, Garwa:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Hajiya maganarki ta sa na je gidan amarya jiya da yamma, muka zauna da ita, cikin 340 ta cire 112 ta ce waɗannan ko Yaya kar ya gani, na ce to. Sauran na ɗora su da dare daga ƙarfe 12, ya yanke sau biyu amma kafin asuba sun hau. Gwaggo ta buɗe album ɗin, ta turo min murya ta minti bakwai rabi kuka rabi addu'a, sannan ta tambaya wace ce mai koren leshi kusa da uwar ango. Yaya ya zaɓi guda huɗu na tura masa a Document, ya ce wannan karon mai wanki bai yi ƙorafi ba. Baba Alhaji kilen ma na saya, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kawo tasha, wace mota ce ke fara tashi?