Kolbak uku a cikin juna sun cukurkuɗe min sabar Node.js

mai_rumbu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta sabar, wato manhajar da ke amsa buƙatun shafin intanet, da Node.js da Express (kayan rubuta sabar da yaren JavaScript), rumbun bayanan kuma MySQL ne. Idan mutum ya buɗe asusunsa, sai in nemo shi a teburin masu amfani, a cikin kolbak ɗin (guntun kod da ake kira idan amsar rumbun ta dawo) in nemo odojinsa, a cikin wancan kuma in bi kowace oda da forEach in ɗauko kayanta. Kod ɗin sai gangarawa dama yake yi kamar matakala. Abin da ya fi damuna, wani lokaci amsa ta fita babu kayan, wani lokaci kuma sabar ta ce an tura amsa sau biyu. Ta ina zan kama?

yaya_sabar: Wa alaikumus salam ƙanena. Matsalarka biyu ce. Amsa sau biyu tana faruwa ne idan ka tura saƙon kuskure a cikin if (err) ba ka sa return ba, sai aikin ya zarce ƙasa ya sake turawa. Ɓacewar kayan kuwa, forEach ba ya jiran kowa. Yana harba tambayoyin ya wuce, res.json mai tura amsar ya tashi tun rumbun bai ce uffan ba.

Shawarata, ka koma mysql2/promise, kayan haɗa Node da MySQL da ke aiki da async/await, wato salon da kod ke jiran amsa kafin ya wuce layi na gaba. Tun Node 8 na 2017 ake cin moriyar async/await ba tare da wahala ba. Kowace tambaya ta zauna a layinta da await a gaba, try/catch ɗaya ya tare kurakuran duka, forEach kuma ka musanya shi da for...of.

malama_sql: Yaya ya faɗi gaskiya, amma ni inda zuciyata take shi ne yawan tambayoyin. Mai oda 50 zai sa ka buga wa rumbun sau 52 saboda shafi ɗaya, kuma await ba zai rage ko guda ba, jera su kawai zai yi. Haɗa odoji da kayansu a tambaya ɗaya da JOIN, ko ka tara lambobin odojin ka nemo kayan gaba ɗaya da WHERE ... IN. Idan kuma ka ari haɗi da getConnection() daga cikin 'yan haɗe-haɗen da sabar ke ajiyewa tsakaninta da rumbun, don Allah ka mayar da shi da release() a cikin finally. In ba haka ba, kuskure kaɗan zai cinye haɗin duka, sabar ta tsaya cik.

mai_rumbu: Na gode Malama, na gode Yaya. Na sa JOIN ɗin, tambaya biyu suka rage, kayan kuma suna fitowa cif.