Neman taimako: tantance haɗari a asusun zuba jari na kasuwar kuɗi

Jama'a, don Allah masana su warware mini wannan. Asusu biyu ne a gabana. Na farko ya zuba yawancin kuɗinsa a takardun bashin gwamnati masu wa'adin kwana 91, ribarsa kaɗan. Na biyu ribarsa ta fi tsoka, amma kusan rabin jarinsa takardun bashin kamfanoni ne, kuma rahotonsa bai fayyace kason kowane kamfani ba.

Abin da ke damuna shi ne a 2008 hannun jarin Reserve Primary, wani asusun kasuwar kuɗi a Amurka, ya faɗi daga dala ɗaya zuwa santi 97 saboda takardun bashin Lehman Brothers, bankin zuba jari da ya durƙushe a shekarar, kuma irin wannan jari ba shi da inshorar ajiyar banki.

Ta yaya zan gano kason kamfani ɗaya? Ribar da ake tallatawa kuma, an cire kuɗin gudanarwa ko tukuna?