Mesata tana huci tana kai sara, ina neman shawara

Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abokina da ya yi tafiya mai nisa ya bar mini macijiyar da yake kiwo, ya ce mesa ce irin ƙaramar nan da ake kira ball python, kuma wai ba ta da faɗa ko kaɗan. To ni abin da nake gani daban ne. Da na ɗaga murfin akwatin sai ta janye wuya ta lanƙwasa shi, ta hau huci, wani lokacin har ta kai sara a iska. Tun da ta zo kuma ba ta taɓa abinci ba. Tsawonta zai kai mita ɗaya. Ga hotunan kai da baya da ciki na turo. Don Allah ku duba mini, ita ɗin ce kuwa? In ita ce, me zan yi hankalinta ya kwanta?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Abba. Na ƙura wa hotunan ido, ita ce, sunanta na kimiyya Python regius. Amma bari in nuna maka abin da na duba, don ka iya ganewa da kanka. Saman kanta duhu ne, sai zare mai ruwan ɗorawa a kowane gefe da ya taso daga hanci, ya ratsa ta ido, ya nufi ƙeya. Kan ƙarami ne, wuyan siriri, tsakiyar jiki kauri, wutsiya gajera. A leɓenta na sama za ka ga jeren ƙananan ramuka, da su take jin ɗumin jikin ɓera ko da cikin duhu. Cikinta fari ne ko ruwan madara, fatar kuma sumul take. Ba ta da dafi.

Macizai biyu ne ake yawan rikita ta da su, kuma rikicin ba na wasa ba ne. Na farko kasa, don ita ma gajera ce mai kauri kuma gwanar huci. Sai dai kan kasa faffaɗa ne mai kusurwa uku, fatarta da kaushi, zanen bayanta jere yake da siffar harafin V, kuma ba ta da ramukan leɓen nan. Dafinta yana kisa. Na biyu ɗan babbar mesa, Python sebae. A tsawon mita ɗaya ya fi taka sirantaka, wutsiyarsa ta fi tsawo, kuma a tsakiyar kansa akwai baƙin tabo mai siffar kan mashi. Shi wannan yana iya wuce mita 4 in ya girma, kuma faɗa halinsa ne. Taka kuwa da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, mace ta fi namiji girma.

Anti Ladidi:
Tunda Malam ya tabbatar, sai mu koma kan halin. Abba, kafin in ce komai, kwatanta mana inda take. Wane irin akwati ne, a ina ka ajiye shi, me ke ciki, da me kake ɗumama mata, kuma kana ɗaukar ta?

Abba:
Anti, akwatin gilashi ne, ana ganin ta ta ko'ina. Yana falo kusa da talabijin. A ciki akwai kwanon ruwa da jarida a shimfiɗe, sai ƙwan fitila a sama da yake kunne dare da rana. Mai ita ya ce in riƙa ɗaukar ta kullum don ta saba da ni, haka nake yi.

Anti Ladidi:
To ɗana, ga amsarka nan a cikin abin da ka rubuta. Wannan dabba tsoro ne ya cika ta. A daji rayuwarta a ramin ɓeraye da cikin suri take, wuri matsattse mai duhu da ɗan danshi, sai almuru ta fito. Yanzu ga ta a fili, haske a kanta dare da rana, mutane na kai da kawo, ga hannu yana saukowa daga sama kullum. A wurinta abin da ke saukowa daga sama mai cin ta ne. Mafi yawansu in sun tsorata dunƙulewa suke su cusa kai a tsakiya, wasu kuma huci da sara suke zaɓa, musamman in ba su da inda za su ɓuya.

Maɓoya ce farkon abin da za ka samar, kuma guda biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, don kada ta zaɓi tsakanin jin daɗin jiki da kwanciyar hankali. Ka lura da girmansu sosai, nan mutane ke kuskure. Maɓoya mai faɗi ba ta amfana mata komai. Ana so in ta naɗe a ciki jikinta ya taɓa bango ta kowane gefe, ƙofa ɗaya ƙarama. Kwanon roba mai duhu da aka kife aka yanke masa ƙofa ya wadatar, in dai ka goge kaifin bakin. Sannan ka rufe gefe uku na gilashin da kwali, ka zuba ganyen roba da reshe mai ƙarfi a tsakiya yadda za ta iya tafiya daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ta ji ta tonu ba.

Ka ɗauke akwatin daga kusa da talabijin. Maciji ba shi da kunnen waje, amma yana jin girgiza ta jikinsa. Fitilar nan kuma a kashe ta da dare. Sai abu mafi wuya ga sabon mai kiwo: ka cire hannunka daga kanta gaba ɗaya na sati biyu. Canza ruwa da kwashe kashi kawai.

Nura:
Anti, a nan ina da ja. Ni a ganina in ka daina ɗaukar ta don ta kai sara, ka koya mata cewa sara na korar mutum. Tawa da ɗauka ta saba.

Anti Ladidi:
Nura, maganarka tana da gurbi, amma ba yanzu ba. Macijin da ya zauna daram, yana cin abincinsa, in ya ɗan yi huci ka fasa ɗauka, to lallai zai iya kama wannan hali. Wannan kuwa ba ta ci, ba ta da maɓoya, sabon wuri take. Ɗauka a wannan hali ƙara mata firgici ne, firgicin kuma shi ke hana ta ci. Ni ƙa'idata sai ta ci sau biyu ko uku a jere kafin a fara ɗauka. In an fara, minti biyar ya isa, a sa hannu ta gefe a tallafo tsakiyar jiki, kada a zo mata ta gaban fuska, kada a riƙe wuya. Kuma a mayar da ita lokacin da take natse, ba lokacin da take fizge-fizge ba. A nan ne maganarka ke aiki.

Malam Habu:
Ban ga an yi maganar zafi da danshi ba, kuma Abba bai ambaci ma'auni ba. Kada ka yi aiki da ƙiyasin tafin hannu. Gefen ɗumi ya kasance tsakanin digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Selshiyas, gefen sanyi 24 zuwa 27. Duk abin da za ka ɗumama da shi, fitila ce ko shimfiɗar lantarki, ka haɗa shi da na'urar daidaita zafi mai yanke wuta da kanta. Macizai suna kwanciya a kan abu mai zafi har cikinsu ya ƙone ba su matsa ba, shi ya sa ba na son dutsen lantarkin nan da ake sayarwa. In kuma ɗakin da kansa yana da zafi, damuwarka ta koma neman mata gefen sanyi, don zafin da ya haura 35 ba tare da mafaka ba yana iya kashe ta.

Danshin iska kada ya sauka ƙasa da kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari, lokacin saɓa a kai shi 70 ko sama. Ƙwan fitila da jarida da murfin raga sun haɗu wajen busar da akwati. Ka sauya jaridar da ɓawon kwakwa da aka daddatsa, ka rufe rabin ragar. Ƙasan shimfiɗar ya riƙe laima, saman ya zama a bushe, don kwanciya a kan jiƙaƙƙen abu kullum na ruɓar da fatar ciki. Ka guji garin katako mai ƙamshi. Irin taka in ta girma kuma ta fi sakewa a akwatin da tsawonsa ya kai santimita 120, amma wannan ka yi shi bayan ta natsu.

Dakta Zainab:
Abba, ka sake duba hoton kan da ka turo. Idonta ya yi hazo-hazo, launin jikin ya dusashe, cikin ma ya ɗan yi ja-ja. Tana shirin saɓa ne. A wannan lokaci ba ta gani sosai, don haka ko wadda ba ta taɓa sara ba tana iya yi, kuma yawanci ba sa ci. Idon zai washe, bayan 'yan kwanaki ta tuɓe fatar. In danshi ya isa, saɓar za ta fita guda ɗaya. In ta fita gutsi-gutsi, ka duba ƙarshen wutsiya da kan ido. Kada ka ɓanɓare abin da ya maƙale a ido da hannunka. Ka sa mata maɓoya mai ɗan jiƙaƙƙen tsumma a ciki, in bai fita ba ka kai ta wurin likitan dabbobi.

Ciwo ma yana sa faɗa, don haka ka sa ido a kan waɗannan. Numfashi mai ƙara ko fito, yauƙi ko kumfa a baki, zama da baki buɗe, ko ɗaga kai sama ta daɗe a haka, duk alamun ciwon huhu ne, kuma ba a jinkiri da shi. In ka ga ta tare a kwanon ruwa ba ta fita, ka duba ruwan da gefen idonta da ƙasan haɓa, ko akwai ƙananan ƙwari baƙaƙe masu motsi. In daga daji aka kamo ta, za ka iya samun kaska, kuma ya kamata a gwada kashinta saboda tsutsar ciki. Ka tambayi mai ita asalinta, yana da muhimmanci.

Abba:
Na gode Dakta. Numfashinta lafiya, ban ga ƙwari ba. Na tambaye shi, ya ce a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe ta. Rashin cin ne ya fi tayar mini da hankali. Wani ya ce in kama ɓera mai rai in jefa mata.

Dakta Zainab:
Kada ka yi. Ɓeran gida ko na daji yana iya zama ya ci guba, yana ɗauke da tsutsotsi, kuma kai ma kana cikin haɗari. Ɓeran nan Mastomys natalensis, wanda mesar ke ci a daji, shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa. Ka nemi wanda aka kiwata don wannan aiki.

Game da rashin ci kuwa, kwantar da hankalinka. Irin wannan mesa ta yi suna da yajin cin abinci, babba mai lafiya tana iya yin watanni ba ta ci ba, musamman lokacin sanyi da lokacin barbara. Sikeli ne zai gaya maka gaskiya. Bayan ta gama saɓa ka auna ta, ka rubuta, ka riƙa maimaitawa duk wata. In nauyi na tsaye, ba komai. In ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari, ko ƙashin baya ya fara fitowa, sai likita.

Nura:
Nan kam na goyi bayan Dakta. Mai rai ma in maciji bai yi niyyar ci ba, ɓeran ne ke komawa yana gwaguyar sa, raunin kuma muni gare shi. Wanda aka daskarar a firiza ya fi. Ka narkar da shi sarai har ciki, ka sa shi a leda ka tsoma a ruwan ɗumi har ya yi ɗumin jiki, musamman kan, don ɗumin take bi. Ka miƙa da dogon hantsaki da dare, fitila a kashe, ka ɗan motsa shi a bakin maɓoyar. Kaurinsa ya yi daidai da mafi kaurin jikinta. In ta ƙi, kada ka dame ta gobe da jibi, ka jira sati guda. Mai girmanta ci sau ɗaya duk kwana 10 zuwa 14 ya ishe ta. Bayan ta ci kada a taɓa ta kwana biyu, in ba haka ba za ta amayar. Kuma a cikin akwatinta za ka ba ta. Maganar cewa sai an kai ta wani akwati daban don kada ta koyi cizo, mai tsoro irin taka ƙara hana ta ci zai yi.

Ummi:
Ni tambayata, in ta cije shi fa? Ƙanena ma yana so ya fara kiwo, wannan ne ke hana ni yarda.

Malam Habu:
Cizon iri biyu ne, Ummi. Na tsoro, ta sara ta saki nan take, sai 'yan ɗigon jini. Na yunwa, ta kama ta riƙe ta fara naɗe hannu, yawanci don hannun yana warin ɓera. A wannan kada a fizge, haƙoranta sun lanƙwasa ciki, fizga na yaga fata kuma yana karya mata haƙori. A zuba mata ruwa mai sanyi a kai, za ta saki. A wanke wurin da sabulu da ruwa, in ya kumbura ko ya yi ja a je asibiti. Wanke hannu kafin ɗauka da bayanta dole ne, saboda dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, kuma ƙananan yara ne ta fi yi wa illa.

Abin da za ki tambayi ƙanenki shi ne shekaru. Suna kai 20 zuwa 30 a hannun mutum, akwai wadda ta yi shekara 47 a gidan zoo na Filadelfiya a Amurka. In ya amince da wannan, ya nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannu kuma ta riga ta saba cin daskararren ɓera. Ana fitar da su da yawa daga Togo da Benin da Ghana, har suna cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES da ke sa ido kan cinikin namun daji, kuma waɗanda aka kamo ɗin sun fi wuyar sabo da ci.

Anti Ladidi:
Abba, wani abu da zai taimake ka in lokacin ɗauka ya yi. Kafin ka sa hannu, ka ɗan shafi tsakiyar jikinta da sanda mai santsi ko naɗaɗɗiyar takarda, kullum haka, amma ban da ranar abinci. A hankali za ta gane cewa wannan taɓin ba ɓera ba ne. In ka ga harshe na fita a hankali, jiki a sake, ka ci gaba. In wuya ya lanƙwashe, jiki ya sandare, tana bin hannunka da kai, ka ba ta minti kaɗan. Ka turo mana hoton akwatin in ka gama gyarawa, da abin da ma'aunin ya nuna a gefe biyun, mu duba kafin ka gwada ba ta abinci.