kexec na barina da baƙin allo, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wasu sabobi (kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa) masu Linux, kuma duk lokacin da na sake kunna ɗaya sai ta ɓata mintuna tana duba RAM da katuna kafin ta kai ga GRUB, manhajar da ke loda kenel, wato zuciyar Linux. Shi ya sa na koma kexec, in loda sabon kenel daga cikin wanda ke aiki. Ina buga kexec -l da --reuse-cmdline, sannan kexec -e. Na gwada a sabobi uku: a ta farko allo ya yi baƙi ƙirin, ko SSH, hanyar shiga daga nesa, ba ta amsawa. Ta biyu ta tashi lafiya, amma efibootmgr, manhajar duba saitin kunnawa na EFI (UEFI), ya ce babu bayanan EFI. Ta uku mai Secure Boot (tsarin da ke hana loda abin da ba shi da sa hannun dijital) ma ƙin lodawa ta yi. Don Allah matsala ɗaya ce ko uku?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Malam. Tushen ɗaya ne, rassan ne uku. Mintunan nan da kake gudu, a cikinsu fimwaya, wato manhajar da ke cikin na'urar kanta (BIOS ko UEFI), ke mayar da kowace na'ura yadda ta san ta, ta shirya taswirar RAM, ta miƙa wa kenel. Da kexec babu mai yin wannan aikin. Sabon kenel kamar wanda ya tare a gidan haya ne ba a share ba, yadda na baya ya bar kaya haka zai tarar.

Fara da daina kexec -e kai tsaye. Shi tsalle yake yi nan take, ba ya jiran a rufe manhajoji ko a sauke faifai. Ka loda da -l, sai ka buga systemctl kexec, systemd ya rufe komai a tsanake.

Amsa ta biyu: Ƙari kan baƙin allo. Sau da yawa na'urar ba mutuwa ta yi ba, katin hoto ne direbansa na baya ya bari a wani hali, na sabon kenel ya kasa farfaɗo da shi. Amma tunda SSH ma ta yi shiru, ina zargin katin sadarwa. Wasu katunan suna da tasu fimwayar a ciki, kuma idan direba bai tsayar da su da kyau ba, suna iya ci gaba da rubutu cikin RAM ta DMA, wato kai tsaye ba tare da bi ta CPU ba, alhali sabon kenel ya ɗauka wurin nasa ne. Ka cire direbobin biyu da modprobe -r kafin tsallen, daga na'urar kai tsaye ba ta SSH ba, don kada ka yanke reshen da kake kai. Ka ƙara console=ttyS0,115200 ka duba ta siriyal, tashar da za ta nuna maka saƙonnin kenel ko da allo ya mutu. In ba haka ba lalube kake cikin duhu.

Mai tambaya: Na gode Injiniya. To ta biyun fa?

Amsa ta uku: Ɗan uwa, wannan tsohon ciwo ne. A ƙa'idar UEFI, sau ɗaya tak ake kiran SetVirtualAddressMap, wanda ke miƙa wa fimwaya taswirar adireshin da kenel ya ba ta, bayan kunnawa, kuma kenel na farko ya riga ya kira. Na biyu dole ya yi aiki da adireshin da ya gada. Tun Linux 3.14, a 2014, kenel na x86 yake ajiye wannan taswira a /sys/firmware/efi/runtime-map don a miƙa wa na gaba. Ka duba ko wurin yana nan, sannan ka karanta /proc/cmdline. Idan akwai noefi ko efi=noruntime, masu kashe ayyukan EFI, ga ɓarawonka, kuma --reuse-cmdline zai ta jan shi daga kenel zuwa kenel. Ka sabunta kexec-tools ma.

Ta ukun kuwa ba lalacewa ba ce, da gangan ne. Rabe-raben Linux da yawa suna kulle kenel idan Secure Boot na kunne, su hana tsohuwar hanyar kexec_load, domin ba ta duba sa hannu. Yi amfani da kexec -s, wato kexec_file_load da ya shigo a 3.17, da kenel mai sa hannun da na'urar ta yarda da shi.

Amsa ta huɗu: Ko ka kashe Secure Boot kawai ka huta.

Amsa ta uku: A'a ranka ya daɗe, ba a kashe shi a kan sabar da ke aikin jama'a. Harafi ɗaya ne tsakanin abin da yake bugawa da abin da zai yi aiki.

Amsa ta farko: Abu ɗaya da ba a ambata ba: idan ka sabunta fimwaya da fwupd ko ka canza saitin BIOS, kexec ba zai sa su fara aiki ba, sai an yi cikakkiyar kunnawa. Ni kexec na sabunta kenel ne kawai a wurina, kuma na'urar da ta taɓa maƙalewa ba na sake gwada mata shi sai ina da hanyar kashe ta daga nesa.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. kexec -s ya yi aiki a ta uku, kuma na ga efi=noruntime a saitin GRUB na ta biyu, na cire. Ta farko har yanzu tana tsayawa, amma yanzu siriyal na nuna a kan katin sadarwa take cijewa. Zan turo abin da dmesg ya fitar anjima.