Ƙanwata ta fara suna a fim, masoya sun hana ta sakat a intanet

Yaya Babba, Tumfure:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta fito a wani fim mai dogon zango da ake sakawa a YouTube, nan da nan mabiyanta suka ƙaru a Instagram da TikTok. Yanzu hankalinta a tashe yake. Masu zagi kan shigarta daban, masu fushi don ba ta amsa saƙo daban, ga shafukan bogi da sunanta ana karɓar kuɗin mutane. Daga ina za mu fara?

Mai Kula da Shafuka, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ku fara da kulle ƙofa. A buɗe sabon imel da sabon layi da babu wanda ya san su, a ɗaura shafukan a kansu. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, amma ta manhaja irin Google Authenticator, don wanda ya sace layi zai karɓi lambar da ake turowa ta saƙon waya. Lambobin ajiya da Instagram ke bayarwa don shiga shafi in waya ta ɓata, a rubuta su a takarda a adana. Yawancin shafukan da ake ƙwacewa ta hanya ɗaya ce: saƙo ya shigo wai ta keta haƙƙin mallaka ko za a ba ta shuɗiyar alama, ta danna mahaɗi ta sa lambar sirri. Kada ta danna ko ɗaya.

Shafukan bogi kuwa, ita ya kamata ta kai ƙara da kanta, domin za a nemi hoton katin shaidarta. Sannan ta yi gajeren bidiyo da muryarta, ta faɗi shafukanta na gaskiya, ta ce ba ta karɓar kuɗin shiga fim ko katin waya, ta maƙala shi a saman shafi.

Anti Furodusa, Jekadafari:
Ɗan'uwa, abin da ya fi damuna sashen sharhi ne. A watan Nuwamba 2020 Rahama Sadau ta saka hotuna, wani ya yi kalaman ɓatanci a ƙarƙashinsu, amma ita aka tasa gaba har sai da ta fito ta ba da haƙuri. A nan Arewa abin da aka rubuta a ƙasan hotonki, ke ake tambaya. Saboda haka ƙanwarka ta shiga Hidden Words, wato wurin tace kalmomi a saitin Instagram, ta zuba kalmomin zagi na Hausa da hannunta, da duk yadda ake karkata rubutunsu, don tacewar manhajar ba ta kama Hausa sosai. Mai naci a sa masa Restrict, zai yi ta rubutu shi kaɗai yake gani. Hoton da take ganin zai ja magana, ta rufe sharhi tun kafin ta saka.

Kuma kada ta yi laif tana cikin fushi. Minti ɗaya za a yanko a yi ta yawo da shi a WhatsApp. Hoton lokeshan ma sai ta bar wurin za ta saka, ban da ƙofar gida da lambar mota.

Malam Lauya, Gombe:
Na yarda da Anti, sai dai kada a goge barazana kafin a ɗauki hotonta da sunan shafi da kwanan wata. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ya taɓo barazana ta intanet, kuma 'yan sanda hujja za su fara nema. Batun talla, a rubuta yarjejeniya: bidiyo nawa, kwana nawa zai zauna, nawa za a biya kafin a saka. Man shafawa ko maganin mata da babu lambar NAFDAC, ta bar shi komai kuɗinsa, don in ya cutar da wata fuskarta za a tuna.