Lamidi Fakeye: gwanin fasaha ne ko ɗan kwangila?

Bashir: Jama'a, zan faɗi maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Yabon da ake yi wa Lamidi Fakeye, masassaƙin itacen nan Bayarabe, ya yi yawa. Hannunsa na da kyau, ban musa ba, amma abin da kakanninsa suka sassaƙa a garinsu Ila Orangun shi ya yi ta maimaitawa har ya rasu a 2009: mahayin doki, mace a durƙushe da goyo, ginshiƙin fada, ƙyaure. Coci ta biya ya yi mata, jami'a ta biya ya yi mata. Ku dubi El Anatsui, mutumin Ghana da ya koyar a Nsukka, yadda ya tsaga katako da zarto mai inji, ya babbake shi da wuta, ya fito da abin da ido bai saba gani ba. Wannan shi ne mai fasaha. Fakeye ɗan kwangila ne.

Malama Rabi: Bashir, ka taɓa ganin aikinsa ido da ido, ko a waya ka gani? Ni na yi karatu a Ife, na sha tsayawa gaban gunkin Oduduwa da ya sassaƙa wa jami'ar a 1987. Ya ninka tsawon mutum. Kuma a jami'ar ya koyar tun daga 1978.

Bashir: Malama, girman itace ba hujja ba ne.

Baba Ɗanjuma: Yaro, bari masu gizago su sa baki. Shekara arba'in ina sassaƙa turmi da akushi da kujerar mata. Turmi kamarsa ɗaya tun zamanin kakana. Amma ka jera guda goma a kasuwa, matar da ta san kaya za ta nuna nawa ta ce wannan na Ɗanjuma ne, daga yadda na fitar da ƙugunsa da kaurin bakinsa. In ƙiryar ɗanya ce ko tana da ɓoyayyen tsagu, tun saran farko nake ji a hannuna. Kai a wurinka duk turmi turmi ne, shi ya sa duk mahayin doki ya zame maka ɗaya.

Malama Rabi: Allah ya ƙara girma, Baba. Yarbawa ma haka suke gane masassaƙansu da suna, har kirari suke yi musu. Olowe na Ise sarakuna yake yi wa aiki, ƙyauren da ya yi wa fadar Ikere yana gidan tarihin Birtaniya a Landan, ba wanda ya ce masa ɗan kwangila. Shi kuwa Fakeye, a hannun George Bamidele ya goge, ɗan shahararren masassaƙi Areogun na Osi-Ilorin. Sun haɗu ne ta dalilin wani Bature limamin coci, Fada Kevin Carroll, a wurin aikin da limaman Katolika suka buɗe a Oye-Ekiti a 1947. Abin da aka nema a can shi ne a sassaƙa labaran Baibul da siffar Yarbawa. Babu samfurin da zai kwafa a gidan ubansa. Shi zai zauna ya yanke yadda zai tsara mutanen labarin a fuskar ƙyaure, wa zai fi girma, wa zai durƙusa, wace sutura za su sa. In wannan ba ƙirƙira ba ce, to mece ce?

Bashir: Ai kin ƙarfafa min gwiwa. Bature ne ya kawo tunanin, shi ya aiwatar.

Auwal: Ni abin da ya dame ni daban ne. Mutumin nan Musulmi ne, Alhaji ne ma. Ya ya za a yi ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa siffofin masu rai, har da na coci da na addinin gargajiya? A Bukhari akwai mai yin siffofi da ya je wurin Ibn Abbas, ya gargaɗe shi, ya ce in ya zama dole to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai.

Malam Isa: Hadisin ingantacce ne, Auwal, kuma shi ya sa sassaƙarmu ta tafi wajen allo da sirdi da zanen ƙyaure. Amma mutumin ya riga mu gidan gaskiya, hisabinsa yana wurin Ubangijinsa. Tambayar Bashir kan gwaninta ce. Kada mu haɗa biyun, zaren zai tsinke.

Auwal: Na ji, Malam. Amma ban janye ba.

Malama Rabi: Bashir, ka manta Fakeye ya je Faris a farkon shekarun 1960 ya koyi sassaƙar dutse. Ya ga abin da Turawa ke yi, ya zagaya jami'o'in Amurka yana nuna aikinsa a gaban ɗalibai, ya yi ƙyamaren ɗakin Afirka na Cibiyar Kennedy a Washinton. Da yana son sauya salo da ya sauya. Ya dawo kan gizagonsa da icen loko yana sane. A 2006 UNESCO ta sa shi cikin taskokin ɗan Adam masu rai.

Bashir: Lambar ai ta masu adana gado ce. Ni ma abin da nake faɗi ke nan, ma'aji ne.

Baba Ɗanjuma: Malama, wani abu nake so in sani. Shi kaɗai yake gama aikin, ko da yara?

Malama Rabi: Da yara, Baba. Mataki huɗu suke bi: a fitar da gangar jiki da gizago, a rarraba sassan, a goge, sannan a yanka ƙananan zane da wuƙa. Gugar akan bar wa almajirai, ciki har da ƙannensa da 'ya'yan 'yan'uwansa.

Baba Ɗanjuma: To kamar mu. Saran farko na maigida ne, don a nan ake ɓata itace ko a gyara shi. Bashir, ranar Laraba ka zo rumfata, akwai guntun ƙirya da na ajiye. Zan ba ka gizago ka maimaita min turmin kakana.

Bashir: Baba, in na sare ƙafata fa?

Baba Ɗanjuma: Ka zo da takalmi mai rufi.