Tambaya: yaya ake biyan masu nemo mutane wa ejensin OnlyFans?

Sadik_M:
Salam jama'a, don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Akwai wani ejensi da nake musu aikin talla a intanet, yanzu sun buɗe ɓangaren kula da asusun masu saka hotuna da bidiyo na manya a OnlyFans, sai suka ce in koma ɓangaren nemo musu sabbin mutane, wato ni ne zan yi magana da mutum har ya sa hannu a kwantiragi da su. Sun ba ni zaɓi biyu: ko su biya ni kuɗi tsayayye kan kowane mutum ɗaya da na kawo ranar da ya sa hannu, ko kuma su ba ni kamasho daga abin da ya samu na wasu watanni. Ban ba su amsa ba tukuna saboda raina bai kwanta ba, kuma ban san yadda ake tsara abin a wasu wuraren ba. Wanne ya fi, kuma daga aljihun wa kamashon yake fita?

Hajjo22:
Ɗan'uwa fara da lissafin kuɗin tukuna, daga nan za ka ga inda kake tsaye. OnlyFans ɗin kansu suna cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da ya shigo, mai asusun yana da 80. Daga cikin 80 ɗin nan ejensi ke yankar nasu, kuma ni waɗanda na gani da idona wasu 30 suke ɗauka wasu har rabi. To tambayar da za ka yi musu ita ce, kamashonka daga rabon ejensi zai fita ko za a ƙara ɗora shi a kan yarinyar da ka kawo? In daga nata ne, to ita ke biyanka ba tare da ta sani ba, kuma ranar da ta gane kai za ta tsana ba manajan ba, don kai ta sani, kai ka yi mata magana.

Abu na biyu, ka ce su rubuta maka kashin naka daga wane kuɗi ake lissafa shi, kafin a cire 20 ɗin kamfani ko bayan an cire, kuma yaya za a yi in mai saye ya je bankinsa ya sa an dawo masa da kuɗinsa, don wannan yana faruwa sosai a harkar kuma wasu ejensin sai su zabtare daga na ɗan kamasho ba tare da sun nuna masa komai ba. Shi kansa OnlyFans yana da tsarin gayyata, kashi 5 na abin da wanda ka gayyato ya samu na wata 12 na farko, kuma daga rabon kamfanin yake fita. Sai ka auna tayin da aka maka da wannan.

Baban_Ilham:
Malam Sadik ni dai gaskiya zan fada maka, ban ga alheri a aikin nan ba ko nawa za su biya ka. Ka ce ranka bai kwanta ba, to ka saurari ran naka. Abin da aka dora a intanet baya gogewa, yarinya za ta iya barin harkar bayan wata uku amma hoton yana nan ana yawo da shi shekara goma, kai kuma ka riga ka karbi kudinka ka wuce. Kana da hannu a talla, akwai ejensin masu TikTok da YouTube da suke neman irin ka.

Lauya_Zee:
Ina tare da Baban Ilham a kan cewa ka yi tunani sosai, amma bari in amsa abin da ka tambaya, don ko ba ka karɓa ba wani zai karanta. Wannan biyan na kai ɗaya kuɗi kaza shi ne mafi hatsari, kuma ba don kuɗin ya yi kaɗan ba. Duk wanda aka ce masa abincinsa yana kan sa hannu kawai, to bakinsa zai fara ƙara gishiri ko bai yi niyya ba: za ki samu miliyoyi a wata ɗaya, ba wanda zai gane ki, za a toshe ƙasarku ba mai gani, kina iya fita duk ranar da kika so. Toshe ƙasa akwai shi a manhajar, amma ba ya hana wani ya ɗauki hoton allo ya watsa, kuma mai VPN, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, yana tsallake shi. In ka faɗa mata ba mai gani, ƙarya ka yi mata, kuma a kan ƙaryar ta sa hannu.

A nan doka ke shigowa. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000 ta sa ɗaukar mutum ta hanyar yaudara don a ci da guminsa cikin ma'anar safarar mutane, ba sai an tsallaka da shi wata iyaka ba. Ka duba shari'ar GirlsDoPorn, wani kamfanin bidiyon batsa a Amurka, da tallan aikin modelin suka riƙa jawo 'yan mata suna ce musu bidiyon ba zai taɓa hawa intanet ba. Ruben Andre Garcia da yake cikin masu nemo su shekara 20 aka yanke masa a 2021, shi kuma mai kamfanin Michael Pratt ya gudu sai a Sifen aka kama shi a 2022. Wato ɗan aike bai tsira ba don ya ce aiko shi aka yi.

Sannan maganar shekaru ba wasa. Manhajar tana neman katin shaida na gwamnati da hoton fuska kafin a buɗe asusu, dole mutum ya kai 18. In ejensi suka ce maka kawo ta kawai mu za mu san yadda za a yi da katin, ko suna buɗe asusu da katin wata, ka tattara ka bar wurin a ranar.

Hajjo22:
Ƙari a kan na Lauya, ejensin da suke da ɗan tsari ba sa biyan mai nemowa ranar sa hannu, sai mutum ya yi wata ɗaya ko biyu yana aiki da son ransa, kuma kamashon yana da ranar ƙarewa, ba har abada ba. Wanda ba shi da ƙarshe yana sa ɗan kamasho ya riƙa matsa wa yarinya kar ta daina ko ta gaji. Kuma ka tambaya wa ke riƙe da fasuwod da asusun bankin da kuɗin ke shiga, in ba sunanta ba ne a banki to ba manaja ba ne wannan, mai gida ne. Ka kuma tuna harkar a hannun bankuna take, a watan Agusta 2021 OnlyFans sun sanar za su hana irin wannan kayan gaba ɗaya saboda matsin bankuna, cikin 'yan kwanaki suka janye, to duk kamashon da aka maka alkawari na wata shida yana iya tsayawa dare ɗaya.

Sadik_M:
Na gode ƙwarai, wallahi kun buɗe min ido. Na tura musu saƙo na ce su turo min kwantiragin da suke ba matan in karanta da kaina, da kuma sunan wa ke kan asusun banki. Manajan ya ce kwantiragin sirri ne, sai na karɓi aikin zan gani. Lauya Zee, wannan haka ake yi ko kuwa?

Lauya_Zee:
A'a ba haka ake yi ba. Kai za ka je ka ce wa mutum ya sa hannu a takardar da kai ba ka taɓa gani ba? Ka ce a rufe sunaye da lambobi a turo maka sauran, musamman sashen da ya yi maganar yadda ake fita da wanda ya mallaki hotunan bayan an rabu. In sun ƙi, kar ka kai musu kowa.